Sawu a Rumfar Junaid

Kwana goma sha biyu da rasuwar mijina Junaid aka buɗe rumfarsa a tsohuwar kasuwa, aka tarar Alƙur'anin da aka ba shi amana ba ya nan.

Ni ba na wurin. Ina gida a Ƙofar Dundaye ina takaba. Tambari, shugaban layin dukawa, shi ya zo ya tsaya a zaure ya aika a kira ni. Na kawo masa ruwa bai sha ba, na shimfiɗa tabarma bai zauna ba.

Ya ce, "Adawiyya, mun buɗe gaban shaidu. Sabuwar gafaka na nan, ya gama ta tsaf. Amma Littafin babu, shi da tsohuwar gafakar."

"To wa yaɗ ɗauka?"

"Kwaɗo na nan lafiya lau yadda nis sa shi." Ya dubi ƙasa. "Mutane dai na magana."

"Suna cewa mi?"

Ya yi mini sallama ya tafi. Da la'asar matar maƙwabcinmu ta faɗa mini ta kan katanga. An ce Junaid ya sayar wa wani baƙo da Alƙur'anin a ɓoye. An ce shi ya sa ya faɗi rana tsaka ba ciwon komai, wai Alƙur'ani ne ya ci shi.

Junaid ya yi shekara talatin da ɗaya yana ɗinkin fata a layin nan. Layi ne rufaffe, rumfuna na fuskantar juna, kwano a kan azara tun na kakanni, ko da rana tsaka sai ka tsaya idonka ya saba kafin ka ga hanya. Duk wanda ya zo ziyarar Hubbaren Shehu, daga Nijar ne ko Ilori ko Gana, ba ya komawa sai ya biyo ta nan ya sayi tsaraba, jaka ko takalmi ko tum-tum na jar fatar akuya. Shi Junaid abin da aka san shi da shi gafaka, jakar da ake sa Alƙur'ani a ciki.

Wanda ya ɓata na gidan Malam Siddiƙu ne, dattijon malami. Kakansa ya rubuta shi da hannunsa. Gafakarsa ta tsufa, sai Malam ya aiko ɗan ƙanensa Ubaidullahi, ma'aikacin ofis, ya kawo don a auna a ɗinka sabuwa. Junaid ya ɗora shi a kanta ta can sama.

Ranar wata Alhamis kafin azahar Junaid ya faɗi da basilla a hannunsa. Duk layin suka tashi suka bi shi asibiti, kamar yadda dukawa ke yi in ɗayansu ya faɗi. An jawo ƙofar rumfarsa kawai. Sai bayan la'asar Tambari ya dawo ya sa kwaɗo. Kafin magariba Junaid ya cika.

Bayan maganar nan ta fita masu zuwa gaisuwa suka ɗauke ƙafa. Wani da ya tsaya a sahun gaba ranar jana'iza ya ce da ya sani da bai je ba. Ƙaramar 'yarmu ta zo tana kuka, an yi mata gorin ubanta a gidan biki. Mutuwar na ɗauka, ta Allah ce. Wannan kuwa na kasa haɗiye ta.

*

Ana haka Kawu Sodangi ya iso daga ƙauyenmu na bakin fadama, da 'yar shinkafa a buhu. Ƙanen mahaifiyata ne, gajere siriri, yana tafiya kansa a ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Aikinsa bin sawu. In an sace saniya ko jaki shi ake kira, ya bi ƙasa har ƙofar da aka shigar da dabbar. Ya taɓa bin raƙumi kwana huɗu har ya ƙetare iyaka ya dawo da shi.

Na gaya masa komai. Bai ce in yi haƙuri ba. Ya tambaye ni ko an share rumfar, na ce a'a, Tambari ya sake kulle ta tun ranar.

Ya ce, "Gobe mu tahi in gani."

"Kawu, kasuwa ba daji ba ta. Ƙahwa dubu ka bi ta nan kullum."

"Ƙahwa dubu ka bi ta hanya, ɗiyata. Nawa ka shiga rumfa?"

Na aika matar limamin unguwa ta tambayo mini. Liman ya ce mai takaba na iya fita da rana in lalura ta kama ta, ta dai dawo ta kwana a ɗakinta. Da safe na zura hijabina na bi bayan Kawu.

*

Da muka shiga layin, hira ta mutu rumfa bayan rumfa. Mutanen da suka sha furar hannuna shekaru suka duƙufa kan ɗinki kamar yau suka fara koyo. Tambari ya tafi majema sayen fata da makullin a aljihunsa, an ce sai la'asar.

Wani baduku ya matso ya rage murya. "In ba marigayi ya sai da shi ba, to ku nemi Ikenna. An gan shi nan ranar Alhamis ɗin da ƙunshi a hammata, ba kowa cikin layi."

Ikenna ɗan Sabon Gari ne, yana sarin kayan fata yana aikawa kudu. A Sakkwato aka haife shi. Muka same shi a shagonsa a bakin kasuwa yana cin ƙosai. Da ya gan ni ya miƙe ya goge hannu ya yi mini ta'aziyya, ya kawo wa Kawu kujera.

Kawu ya ce, "An ce ka shiga layin dukawa ran da Junaid yaf faɗi."

"Na shiga, Baba. Na san abin da aka cewa. Kwana uku ke nan ba wanda yas sai da man ko igiyar takalmi."

"Mi ac cikin ƙunshin?"

"Takalman amare, ƙafa shida. Na ishe an aje man su gaban rumfar mai ɗinkin, na ɗauka. Ku tambaye shi." Ya dube ni. "Inna, ban ɓoye maki ba, na taɓa tambayar Junaid ko irin wanga Littafi ana sai da shi. Ya ce in na sake tambaya shi ɗinke man baki da basilla. Ban sake ba."

Ya taɓa tambaya, kuma yana wurin da ƙunshi. Na ce a raina shi ne.

Kawu ya ce, "Ka bi ta ƙofar Junaid?"

"Na bi. Tana jawe. Na ma tsaya, don na ji awa ruwa na zuba ciki. Na ce ko ɓera yat ture buta. Na wuce."

Kawu ya ɗago kai, karo na farko tun da muka zauna. "Ruwa?"

"Ruwa dai. Tsul-tsul, ya tsaya, ya sake."

Da muka fito na ce, "Kawu, shi na. Ƙarya shika yi."

Ya ce, "Mai ƙarya na ƙaro mutum, ba ya ƙaro ruwa. Mu je."

*

Na biyu da ake zargi Abdulrazak ne, mai keke-napep da ke kwaso baƙi daga Hubbare ya zagaya da su kasuwa. An ce shi ne dillalin cinikin. Muka same shi a inuwar dogon yaro yana jiran wasu mata 'yan Nijar su gama zaɓen jaka.

Ya ce, "Baba mai bin shanu, yau ni as saniyar?"

"Saniya ba ta da surutu awa kai. Ba ni labarin baƙon."

Ya daina dariya. Ya ce mako guda kafin rasuwar ya kawo wani Alhaji daga Kumasi. Alhajin ya hango tsohuwar gafaka a kanta, ya roƙa a buɗe masa. Junaid ya fita waje ya yi alwala, ya dawo ya buɗe masa shafi ɗaya daga nesa. Alhajin ya ce zai ba da abin da zai sayi gida a unguwar manya ta Gawon Nama.

"Junaid ya ce mi?"

"Ya ce in kwashe baƙona kafin shi manta baƙo na. Alhajin ya aje katinai bisa tabarma, Junaid ya ture shi waje da ƙahwa."

"Su wa ag gurin?"

"Ni, da Alhajin, da marigayi. Sai ɗan gidan Malam, Ubaidullahi, ya biyo shi ga ko an gama ɗinki."

"Ran Alhamis ina kake?"

Abdulrazak ya dube ni. "Inna ta sani. Cikin wanga keke munka ɗauke shi. Kainai na bisa cinyar Tambari, ni ka tuƙi. Ban bar asibiti ba sai da gawa."

Gaskiya ya faɗa. Shi ya kawo mini shi gida.

*

Tambari ya dawo da la'asar. Bai so buɗewa ba, ya ce ba abin da ke ciki sai fata. Kawu ya ce to ai shi ma fatar zai duba.

Warin bagaruwa da na man fata ya bugo ni da aka buɗe, warin da ke jikin rigunan Junaid kullum. Na dafa ƙyaure na tsaya. Kawu ya tuɓe takalmansa, ya ce kada kowa ya shigo. Rumfar 'yar ƙarama ce, daɓen ƙasa. Ya tsuguna a bakin ƙofa ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Nan marigayi ka zama. Nan yaf faɗi. Wanga cinkoson na waɗanda sunka ɗauke shi na. Wanga naka na, Tambari, ran da kunka buɗe. Ka tsaya nan ka miƙa wuya, ba ka ƙarasa ciki ba."

Tambari ya ce haka ne, muryarsa ta sauka.

Kawu ya rarrafa bayan tarin fatu, ƙarƙashin kanta. Can ya ce, "Adawiyya, taho. Taka inda nit taka."

A lungun, ƙasa ta taɓa jiƙewa ta bushe ta yi ɓawo. Butar Junaid na gefe a tsaye, ba ko ɗigo a ciki. A tsakiyar busasshen wurin ga sawun ƙafar hagu, ba takalmi, ya fito sarai kamar an buga hatimi. Fatar da ke saman tarin, ja mai kyau wadda aka rina da karan dafi, duk ta yi tabon fantsamar ruwa.

"Mijinki na alwala cikin rumfa?"

"Ko da wasa. Ko ruwan sha waje shika fita da shi. Ruwa na ɓata hwata."

Tambari ya leƙo ya ga tabon, ya ce, "Subhanallahi. Ba badukun da ka yin haka."

Kawu ya nuna da tsinke. "Dubi diddigen. Sumul, ba faso. Ƙahwar da ta saba safa da sau-ciki ta. Ku ƙirga yatsu."

Na duba. Huɗu ne suka fito. Tsakanin babban da na tsakiya akwai gurbi.

"Ba guntule ba na. Yatsan da ka bin babba ya hau bisa ɗan'uwanai, ba ya taɓa ƙasa."

Ya ciro 'yar ƙwarya daga jakarsa ya kife a kan sawun, ya ce Tambari ya kulle, kada ya gaya wa ko matarsa.

A hanyar gida na ce, "Kawu, ban gane ba. Ɓarawo na sauri, mi zai sa shi tsaya wanke ƙahwa?"

"Ya shigo ya jawo ƙofa. Ya miƙa hannu ga kanta, sai ya tuna ba shi da alwala. Waje ba ya fituwa, ana iya ganinai. Sai ya ga buta."

Na tsaya cak a tsakiyar hanya.

Ya ce, "Ikenna Kirista na, da ɗauka kawai zai yi shi tahi. Baduku ba ya zuba ruwa kusa ga hwata. Wanga mutum tun yana ƙarami anka horar da hannunai, ba ya iya taɓa Littafin ba tsarki, ko da sata yaz zo yi. Kuma ruwan ya zuba bayan an fita da mijinki. Ke nan ran da yaf faɗi Littafin na bisa kanta. Bai sai da komi ba."

Na san bai sayar ba tun farko. Amma yau ne na fara jin wani ya faɗa a fili, a kan titi. Na zauna a kan dakalin wani gida har Kawu ya sayo mini ruwan leda.

*

Washegari da hantsi muka je gidan Malam Siddiƙu. Ya karɓe mu a zaurensa cikin littattafai. Ya tsufa ƙwarai, idanunsa sun faɗa, da gani shi ma ba ya barci. Ubaidullahi na zaune a gefensa cikin farar shadda, hularsa a karye daidai, safa a ƙafarsa. Ya gaishe ni da ladabi.

Kawu ya ce yana son gobe bayan hantsi a taru a layin dukawa, duk wanda ya taɓa shiga rumfar ya dafa Alƙur'ani ya rantse. Yana roƙon Malam ya zo, da wanda ya kai Littafin.

Malam ya ce, "Ba ni son a sa mutane rantsuwa, Sodangi. Tana da nauyi."

"Allah shi gafarta Malam, in Allah ya so ba wanda za ya rantse. A dai taru."

Ubaidullahi ya gyara zama. "Baba, da an bar maganar. Mutumin ya riga ya tahi inda za mu. Ni a ganina mu yafe mashi kawai, Allah shi rufa asiri."

Ban san lokacin da na yi magana ba, ni da ban taɓa ɗaga murya gaban malami ba.

Na ce, "Ba a yafe ma wanda bai yi ba. Ka riƙe yafiyarka."

Malam ya dube ni. Sannan ya ce zai zo.

*

Da sassafe Kawu ya sa aka kawo masa buhun rairayi mai laushi daga bakin gulbi. Ya zuba a bakin layin, inda rufi ya ƙare, kusa da randar ruwa, ya baje da hannu. Wanda ya tambaya sai ya ce don kada wurin ya yi caɓi.

Kafin hantsi ya ɗaga layin ya cika. Dukawa sun bar ɗinki, masu goro da masu turare sun zo kallo, har wasu baƙi da ke cinikin tum-tum suka tsaya. Ni ina gefe a kan benci. Malam ya iso a keken Abdulrazak, Ubaidullahi na riƙe masa sanda. Tambari ya ɗora Alƙur'anin masallacin kasuwa a kan kujera.

Kawu ya ce, "Kowa shi yi alwala nan gabanmu, ɗaya bayan ɗaya, kada gobe a ce wani ya dafa ba tsarki."

Tambari ya fara. Ya wanke ƙafa ya taka rairayin, ya zura takalmi. Kawu ya duba, ya shafe da tafin hannu. Dukawa biyu maƙwabtan Junaid suka biyo. Abdulrazak ya yi tasa yana cewa a lura da kyau, ƙafarsa ta fi ta kowa kyau a layin. Wani ya ce ta fi kama da faranti. Aka ɗan yi dariya.

Ikenna ya matso ya fara kwance igiyar takalminsa. Tambari ya ce, "Kai ina ruwanka da alwala?"

"Ni ba ni dafawa, na sani. Amma ni anka fi zagi, don haka ni ma a ga ƙahwata." Ya taka rairayin da ƙafa biyu. Kawu ya duba ya shafe.

Saura mutum ɗaya. Kawu ya miƙa masa buta.

Ubaidullahi ya yi murmushi. "Ni ai mu ad da kaya, Baba. Kuma ina da alwalata tun gida."

"Ka shiga rumfar sau biyu. Ka kai, ka koma dubawa."

"Na ce ina da alwala."

Malam Siddiƙu ya miƙa hannu ya karɓi butar. Ya ce, "Ni ma ina da ita, kuma ni ad da Littafin." Ya tsuguna da ƙyar, mutum biyu na tallafe da shi, ya yi alwalarsa cikakkiya, ya taka rairayin. Sannan ya miƙa wa ɗan ƙanensa butar.

Ubaidullahi ya zauna a bakin benci. Ya cire takalmi. Ya daɗe a kan safar. Ya wanke hannu, ya kurkure baki, komai sau uku a natse, irin ta wanda aka koya wa da kyau. Ya wanke ƙafar dama. Da ya wanke ta hagu ya yi ƙoƙarin zura ta cikin takalmi kai tsaye, amma takalmin ba ya inda ya ajiye shi. Kawu ya riga ya jawo shi gefe da sandarsa. Ƙafar ta sauka a rairayi.

Kawu ya tsuguna. Bai shafe wannan ba. Ya zana da'ira da yatsa ya kewaye shi.

Ya ce, "Tambari, ɗauke Littafin ka mai da masallaci. Ba mai rantsuwa. Malam, taho ka ga wanga, sannan in kai ka ka ga ɗan'uwanai."

Malam ya duƙa ya duba. Yatsu huɗu, da gurbi. Aka buɗe rumfar Junaid, Kawu ya riƙe hannunsa ya kai shi lungun, ya ɗaga ƙwaryar. Bayansa Tambari ya shigar da dattawan layin bibbiyu, kowa ya gani da idonsa, ya ga butar, ya ga fatar da ruwa ya ɓata. Kawu ya yi musu bayani kamar yadda ya yi mini, bai ƙara ba bai rage ba. Ikenna ya maimaita maganar ruwan da ya ji.

Malam ya fito ya tsaya gaban ɗan ƙanensa, wanda har yanzu ƙafarsa ɗaya ba takalmi.

"Ubaidu. Kai kay yi alwala cikin rumfar mutumin ga, yana can yana fama da rainai?"

Ubaidullahi ya kau da kai. Ana jin tattabaru a kan kwano.

"Da kai nika magana."

Ubaidullahi ya ce, a hankali, "Baba, ban iya taɓa shi haka nan."

Layin ya ɗauki salati. Malam ya ɗaga hannu aka yi tsit.

"Yana ina?"

Yana saman kwabarsa a gida, naɗe da sabon farin ƙyalle. Ya ce ya tsinci katin Alhajin a ƙofar rumfa, sun yi waya, an shirya mutumin zai dawo da Mauludi. Ranar Alhamis ya biyo duba ɗinki sai ya tarar layin ba kowa. Abdulrazak ya ɗauki Tambari da Ubaidullahi suka tafi. Ba a yi awa ɗaya ba suka dawo. Malam ya zauna a kan tabarma a tsakiyar layi ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe. Ya ce ba wadda ta ɓata.

Sannan ya juyo wurina. Dattijon da ake tsugunawa a gaishe shi, shi ya sunkuyar mini da kai.

"Ɗiyata, gidana ya zalunce ki. In hukuma kika so, da hannuna zan kai shi. Faɗi abin da kika so."

Na riga na san abin da nake so. Na ce, "Malam, ba ni son a rufe shi inda ba mai ganinai. Cikin wanga layi anka ɓata Junaid. Shi bi rumfa rumfa da bakinai shi faɗi wa yaɗ ɗauka."

Haka aka yi. Ubaidullahi a gaba, Malam a bayansa yana dogara sanda, ni a bayan Malam. A kowace rumfa ya tsaya ya ce, "Ni niɗ ɗauki Alƙur'anin. Junaid bai ci amana ba." Inda muryarsa ta yi ƙasa Malam ya ce ba a ji ba, ya sake. Muka gama dukawa muka shiga masu turare, muka fita ta masu goro har bakin titi inda motocin baƙi ke tsayawa. Mutumin da ya ce da ya sani da bai je jana'iza ba, yana rumfa ta kusa da ƙarshe. Na tsaya a gabansa na dube shi har sai da ya tuɓe hularsa ya ce in yafe masa. Na ce ba ni zai roƙa ba.

*

Na koma ɗakina kafin la'asar. Ina zaune bayan salla sai na ji kamar ana kora garke a lungunmu. Ba a magana, sai takun ƙafa kawai, ya daɗe bai ƙare ba. Matar maƙwabcinmu ta leƙo ta kan katanga ta ce Tambari ya rufe layin gaba ɗaya, kasuwa na tsakiyar ci. Sun biyo ta ƙofar gidan ne za su maƙabarta su yi wa Junaid addu'a, Malam Siddiƙu a gaba. Ta ce har Ikenna ya rako su.

Da suka wuce Kawu ya kira ni daga zaure. Na fito na leƙa. Lungun nan namu da kwana da kwanaki ba mai takawa sai awaki, yanzu daga bango zuwa bango sawu ne a kan sawu, duk sun fuskanci hanya ɗaya.

Na ce, "Kawu, su nawa na?"

Ya tsuguna ya duba, ya matsa gaba ya sake dubawa. Ya miƙe yana kaɗe gwiwa.

Ya ce, "Wanga ya fi ƙarfina, ɗiyata. Garin na duka."